Zangon da Na Shuka a Lakar Yawuri

Kuɗin motar da sunka kai ni ci-rani, jar akuyar Inna ce. Kai Nafi'u, aje wayar nan ka saurara, tunda kai ne kullum ke cewa kabu-kabu ta ishe ka, gara ka bi hamada. Ku ma ku matso, ba kullum nike da bakin magana ba. Akuyar nan ita kaɗai ta rage mana a shekarar da fari ya durƙusar da Gobir, kuma ta rame har tausayi take ba mutum. Inna ta ɗaura mata igiya, ta ja ta a ƙasa tun daga Tsibiri, ta ratsa Maraɗi, har Jiratawa wajen wanta, don ta san shi kaɗai zai saye ta da kunya. Ta dawo ta ƙulle kuɗin a tsumma ta sa mani a aljihu. Ni kuwa na kasa kallon idonta.

Ku da kunka tashi nan Zariya, famfo a tsakar gida, me kunka sani game da fari? Mun shuka, ya fito, ya ƙone. Mun sake, ya ƙone. Da kaka ta zo, abin da munka ɗauko daga gona jaki bai ma san an ɗora mashi kaya ba. Mutane sunka koma ga dussa da ganyen daji, wanda ya samu garin kwaki ya zama mai arziki.

Da safiyar da zan tafi, Baba ya kira ni bayan rumbu. Ya miƙo mani wani ɗan gora, an liƙe bakinshi da danƙo. Ya ce, "Haru, wanga shi ne ragowar irin gidanmu, na gauraya shi da toka. In ya zauna gidan nan, ranar da ƙannenka sunka yi kukan da ban iya ji, ni da hannuna zan fasa shi in ba uwarka ta dama masu kunu. Tafi da shi, ka nisanta shi da ni. Ka dawo mani da shi kafin ruwa."

Zango ne, geron nan mai dogon kai, amma ba kowane zango ba. Tun kakan Baba ake zaɓen zangarniyar da ta fi tsawo a ware ta, shekara da shekaru, har ya zama in ka ga hatsinmu a gona ba sai ka tambayi mai ita ba. To duk wannan tarihi ya taru ya koma cikin goran da bai fi kan jariri ba, an ce ni zan riƙe. Wallahi na ji nauyinshi fiye da buhu.

Na hau mota a tashar Maraɗi, munka bi ta Jibiya, munka yi ta gangarawa har Yawuri. Wani mutumin Jiratawa ne ya ce mani can an tare Kwara da siminti, ruwa ya taru ya zama tafki, akwai aiki. Ranar da na tsaya bakin ruwan nan, ku san me na ji? Haushi! Na ce ashe duk ruwan da anka hana mu, nan anka kawo shi anka aje. Kuma wai mutanen garin kuka suke, ruwa ya janye bana. Na ce Allah ka ba mu irin wanga janyewa a Tsibiri.

Na kama ɗaki gidan wata mai bandar kifi, Gwaggo Kulu. Matar nan in ta buɗe baki, kare ma shiru shike yi. Ɗakin kuwa, ka wanke riga ka shanya, ka sa ta, kyanwa ta biyo ka har masallaci. Ban yi sati ba ta lura kullum da gora nike kwana ƙarƙashin kai.

Ta tare ni a ƙofa. "Kai baƙo, mene ne cikin abin nan? In tsafi ne, ba a gidana ba."

Na ce, "Iri ne, Gwaggo."

"Irin me?"

"Irin abin da ba a kamawa da koma."

"Au, baƙar magana za ka gaya mani a gidana? Ɗan yunwa kawai!"

Na ce, "Yunwa ta kawo ni, amma ba ita ta haife ni ba." Daga ranar ta daina gaishe ni, amma kuma kullum sai in tarar da kan kifi a kwanona.

Aikin da na samu a kwata ne, inda jirgin fito ke tsayawa. Wani gangare ne na siminti, ya sauka tun daga tudu har cikin ruwa, ta nan motoci ke bi su hau jirgi a ƙetare da su. To da ruwa ya janye, sai laka ta taru ta binne gangaren, jirgi ya zo shi tsaya can nesa kamar surukin da bai saba ba. Shi ne anka kawo katafila mai ƙaton cebur a gaba, ta gangara ta kwaso laka, ta hauro da baya ta zubar a gefe. Ni aikina in ƙwaƙule lakar da ta maƙale a sarƙar ƙafafunta, in sa mata maiko, in ɗauko mai.

Ranar farko na ce ma foman, wato shugaban leburori, ina anka aje gazuwal. Sunka fashe da dariya. Wai dizal ake cewa. Na ce shantiye, wato wurin aiki, sunka ce sayit. Na ce marsharyar, sunka ce ribas. Ribas! Kamar sunan ciwon ciki. Shi ke nan sunana ya ɓace, na koma Ɗan Faranshi.

Direban katafilar wani Bayarabe ne, Oga Lasisi, gajere mai tumbi, Hausarshi duk a karye, namiji mace ne mace namiji ne. Amma hannu! Mutumin nan zai iya ɗaukar ƙwai da cebur ɗin nan bai fasa ba. Da ya ga ina yawan leƙen abin da shike yi, sai ya fara ɗora ni kan kujera lokacin cin abinci. "Ɗan Faranshi, ja wannan, ta juya. Saki! Ka kashe ni!" Haka nan, da zagi da ranƙwashi, na koyi tuƙa ta a kan tudu. Cikin ruwa kam ko kusa bai bari in je.

Wata rana ina gyara shimfiɗa, sai na ji goran nan shina wani wari, irin na ɗakin da ya daɗe a rufe. Na ɓamɓare danƙon na zuba kaɗan a tafin hannu. Tokar ta yi danshi, ta dunƙule, ga ƴan ƙwari suna yawo abinsu. Ƙasarmu busassa ce, iri na iya shekara cikin toka lafiya lau. Baba bai san akwai garin da iska kanta jiƙaƙƙa ce ba. Na shanya, na sake toka, bayan ƴan kwanaki na duba, ga su nan sun ƙaru. Na tabbata in na jira damina, gari zan kai ma Baba.

Na zauna bakin kwata raina a ɓace, ina kallon tsohon tarin lakar da munka fara zubarwa. Baƙa wuluk, ta sha iska ta lafa, har ciyawa ta fara tsirowa a kai. Na tura hannu ciki, sanyi. Kai, duk ɗan manomi ya taɓa ƙasar nan sai yawunshi ya tsinke. Nan take na ce, iri dai ba a ƙasa shike mutuwa ba, a ajiya shike mutuwa. Amma tsoro ya kama ni, don Baba cewa ya yi in riƙe, bai ce in shuka ba, kuma in ya ƙi fitowa shi ke nan, na binne gidanmu a ƙasar mutane. Na yi sallah, na yi bisimilla, na ari fartanya, na baje kan tarin, na shuka shi duka. Ko ƙwaya ban rage ba, don wadda na rage ta ƙwari ce.

Tabɗi, ranar na sha dariya! Leburori sunka taru. "Ɗan Faranshi ya haukace, shina shuka da rani!" Foman ya ce, "Ku bar shi, a ƙasarsu ko da damina ma haka suke shukawa babu ruwa." Wannan magana ta ƙona mani rai, har yau ban manta ba, amma na haɗiye. Safe da yamma ina ɗibar ruwa da garwa ina hawa tarin nan. Ranar da na ga ya huda ƙasa, layi-layi, kore shar, na durƙusa na yi kuka kamar yaro. Lasisi ya zo ya tsaya kaina ya ce, "Ubana ma manomi ce."

Hatsi ya tashi. Lakar nan ta karɓe shi, kara ya yi kauri kamar rake. Cikin wannan tsakani ne Lasisi ya zo da rediyonshi a kunne, ya ce, "Ɗan Faranshi, soja ta kama ƙasarku." Na ce, "To, sun zo da ruwa?" Ya ce bai ji an faɗa ba. Na ce to miƙo mani maiko. Su ma ƙasar su Lasisin ai soja ne ke mulki, kowa ya san ba a yi masu gardama.

Ilai kuwa, hatsina ya fidda kai, ya fara ɗaukar ƙwaya, sai ga wani hafsan soja a jif. Ya sauko da ƴar sandarshi, ya dubi jirgi can nesa, ya dubi motocin da sunka yi layi, ya ce ma foman kafin Juma'a ta sama jirgi shi taɓa siminti, in ba haka ba shi san inda zai kwana. Ya shiga mota ya tafi. Foman ya juyo ya dubi kwata. Ya auna wuri da ido, ya ga duk kusa ya cika, babu inda za a zuba sabuwar laka sai kan tsohon tarin. Ya ce ma Lasisi shi hau shi baje shi.

Na ce, "Oga, hatsina fa?"

"Hatsinka? Ubanka ya saya maka filin?"

Kai, ban san lokacin da na ɗauki fartanya na haye tarin na tsaya tsakiyar hatsi ba. Na ce, "Wallahi sai dai a baje da ni." Lasisi ya tuƙo katafila har ta zo gindin tarin, hayaƙi na dukan fuskata, sai ya kashe ta. Ya sauko ya ce, "Ni ba ta taka abinci mai ciki." Foman ya hau tsalle, zai kore mu duka, zai kira ƴan sanda su tambaye ni takardata. Sai ga Gwaggo Kulu ta taho daga wajen banda, zane a ɗamare, ita da ba ta gaishe ni.

"Kai foman, kai da ka ci kifina bashi tun kana lebura, yau kai ne mai taka hatsin bayin Allah? Ga kwazazzabo can bayan bandata, shekara nawa ina roƙo a cike mani shi? Ku zuba can mana!"

Foman ya ce, "Gwaggo, can ya yi nisa. Kowane sawu zai zama biyu. Direba ɗaya gare ni, kuma mutum ne, sai ya huta."

Na ce, "Direba biyu gare ka."

Foman ya dubi Lasisi. Lasisi ya sosa ƙeya ya ce, "Ta iya. Kaɗan." Foman ya nuna ni da yatsa ya ce ya yarda, amma in Laraba ta yi bai ga alamar gamawa ba za a baje hatsi, in kuwa na jefa katafilar kamfani a ruwa, shi da kanshi zai miƙa ni ga soja. Na ce na ji. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

To fa, nan aiki ya fara. Lasisi shi hau tun da asuba, in rana ta take shi sauka ni in hau, ƙarfe ya yi zafi har sai na naɗe hannu da tsumma. Da la'asar shi karɓa, in ya gaji in sake hawa har magariba. Katafila ba ta huta sai a sha mai. Haɗarin kuwa shi ne, can ƙasa laka ta rufe simintin, ba ka ganin inda ya ƙare, kuma gefenshi taɓo ne mai haɗiye saniya. Sai masunta, ƴan'uwan Gwaggo, sunka shiga da sanduna suna lalube, inda sunka ji tauri ya ƙare su kafa sanda. Tsakanin sandunan nan nike gangarawa, in kwaso, in hauro da ribas ɗin nasu, in zaga bayan banda in zubar, in dawo. Kowane sawu sai na wuce ta gefen hatsina, in ɗan dube shi.

Ranar Talata da azahar abin ya faru. Na cika cebur maƙil, don ina sauri, na fara hawowa. Ashe wata sanda ta goce. Sai na ji ƙafar hagu ta zame daga kan siminti, katafila ta karkata, ruwa ya taso har wajen takalmina. Mutane sunka ɗauki salati. Ni kuwa ba soja na tuna ba, ba mutuwa ba. Baba na gani shina girgiza gora babu komi ciki. Hannuna ya kai ga ba ta wuta, sai na ji muryar Lasisi daga tudu, ya taho da gudu babu riga, tumbi na rawa.

"Kar ka ba ta wuta! Zubar da laka! Zubar!"

Na zubar.

"Kafa cebur a siminti! Danna! Tura kanka baya, sannu, sannu, ɗan banza, sannu!"

Na kafa cebur na danna, gabanta ya ɗaga. Na riƙe ƙafar dama, na ba ta hagu kaɗan, ina turawa da cebur. Ta yi gurnani, ta zame, ta sake kamawa. Ban san tsawon lokacin da munka ɗauka ba. Can sai na ji ƙarrr, sarƙa ta ciji siminti, ta miƙe ta hauro. Masunta sunka yi ta buga filafili a jikin jirage. Na sauko. Abin da ya samu wandona kuwa ba zan gaya maku ba, laka ta rufa mani asiri. Lasisi ya ranƙwashe ni, sannan ya rungume ni, sannan ya ce, "Koma ka hau, in ka tsaya yanzu ba ka ƙara hawa." Na koma na hau.

Ranar Alhamis da hantsi jirgi ya zo ya dafa siminti, mota ta farko ta hau. Hafsan ya zo ya gani, ko inda muke bai duba ba, ya tafi. Oho dai! Ni na san wanda ya kwashe lakar nan, kuma ina alfahari da shi har gobe. Foman ya zo shina wani murmushi, wai in zauna za a mai da ni cikakken direba. Na ce a'a, ana jirana.

Sauran yaƙin da tsuntsaye ne, don duk faɗin Yawuri ni kaɗai ke da hatsi a tsaye. Gwaggo ta kwashe tabarmarta ta koma gindin tarin, ta ɗaura gwangwanaye a igiya. Amma ba gwangwani ya kore su ba, bakinta ne. Da hatsi ya nuna na yanke, na zaɓi zangarniya masu kyau na ɗaure, na naɗe da buhu. Na ba ta nata rabo, ta karɓa tana cewa, "Tafi can, ɗan yunwa," tana share ido da bakin zane.

Na iso Tsibiri hadari ya fara haɗuwa a gabas. Garin ya yi shiru, gidaje da yawa an rufe da ƙaya. Waɗanda sunka rage duk sun cinye irinsu, suna jiran wanda anka ce gwamnati za ta raba, ba su san ko wane iri ne ba. Na bar kaya wajen mai jaki a bakin hanya, na riga shi isa gida don zumuɗi. Na tarar da Baba zaune a zaure, ya rame har na so in kasa gane shi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ina goran?"

Na fiddo shi daga jaka na miƙa. Ya girgiza, ya ji fayau. Na buɗe baki in yi bayani, ya ɗaga mani hannu. Ya aje goran, sannan ya ce, "Ba komi, Haru. Yunwa ce. Da ni ne ma da na ci. Tunda ka dawo da ranka, alhamdu lillahi."

Wallahi wannan magana ta fi karkatar katafila tayar mani da hankali. Allah ya taimake ni sai ga mai jaki ya yi sallama. Na sauke kaya, na kwance buhu a gabanshi. Baba ya zaro zangarniya ɗaya, ya ɗora ta a hannunshi tun daga yatsa, ta wuce gwiwar hannu, ta kai kafaɗa. Ya murza, ya jefa ƙwaya a baki, ya tauna. Ya ce, "Namu ne. Ina ka same shi?" Na ba shi labari tun daga ƙwari har jirgi. Ya ce, "Kai, ka shuka irina a ƙasar mutane ba ka tambaye ni ba?" Na ce, "Ka yi nisa, Baba." Ya ƙwala ma Inna kira, ya ce ta gaya ma maƙwabta kowa shi zo da ƙoƙo.

Bayan kwana kaɗan ruwa ya sauka. Da safe munka fita gona, gida duka, har da yayana da ya dawo daga Kano. Kun san al'adar gidanmu, mai gida ne ke saran ramin farko, ko da a kwance shike sai an ɗauko shi. Baba ya ɗauki sungumi ya tsaya bakin gona, ya yi bisimilla. Sai ya juyo, ya wuce yayana, ya miƙo mani.

Na ce, "Baba, kana tsaye?"

Ya ce, "Ina tsaye. Sara."

Na sara. Shi kuwa ya biyo bayana, tsoho da shi, shina jefa iri shina rufewa da diddige, kamar yadda nike yi mashi tun ina yaro.